Ankon Tauraruwa

Asawase, Kumasi

Zuwa ga Yaya Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Italiya? Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Tun bayan azumi likita ya gano kansar nono a jikina. Kada ka tashi hankalinka, ya ce an gano da wuri, aiki za a yi. Ban gaya wa kowa ba, balle mahaifiyarmu Mma mai hawan jini. Sai na shiga wani zaure a Telegram na matan Zongo masu irin ciwon. Dokarsa ba hoto, ba murya, ba sunan gaskiya. Ni ce Kurciya.

A ciki akwai wata Tauraruwa. Nata ciwon ya riga ya kai ƙashi, amma ita ce mai ba mu dariya, ita ce mai yi mini faɗa in na ƙi cin abinci. Ta taɓa rubuta cewa tana da ɗiya matsoraciya wadda ko allura ta gani sai ta yi kuka, shi ya sa ta kasa gaya mata. Yaya, ni da kaina na ba ta shawara kada ta faɗa, na ce irin waɗannan yaran ba su da zuciya.

Da aka ce mu haɗu ido da ido a Asokore Mampong, ka san halin matanmu, ko taron asiri ne sai an yi anko. Tauraruwa ta zaɓo atamfa shuɗiya mai zanen ganye, aka ajiye wa kowa tata a wajen tela. Ranar Asabar na ce wa Mma zan je suna, ita kuma ta ce za ta shagonta na atamfa a Alabar. Na lulluɓe ankon da hijabi na hau motar haya, trotro.

Ina shiga na cire hijabin, sai ga Mma a kujerar gaba tana raba ruwa, sanye da atamfar da ke jikina. Wallahi sai na ji matan suna kiranta Tauraruwa. Ramar da muke cewa ta azumi ce, da tafiye-tafiyen Accra da take cewa na saro kaya ne, duk suka dawo mini lokaci guda. Ta daɗe tana kallona, ruwan yana zuba a ƙasa. Sannan ta taso ta gyara mini ɗaurin ɗankwali, ta ce tela ya ɓata mini wuyan riga. Daga nan muka fashe da kuka, duk matan suka taya mu.

A hanyar gida ta sa na yi alkawari ba zan gaya maka nata ba, ni ma na sa ta yi alkawarin rufe nawa. Ga shi na tona duka biyun. Na riga na ba ta muguwar shawara sau ɗaya, ba zan bari ta bi ta a kanka ba.

Kada ka kira ta a waya, za ta ce maka garau take. Kada kuma ka ce sai Babbar Sallah. Ka zo gida, Yaya.

Ka gaida Suraj abokin ɗakinka. Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka matsoraciya,
Najiba