Allon Baba Ya Ƙi Tashi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Anti da yara? Ka shafa mini kan ƙaramar. Mu nan kowa lafiya, sai Baba, shi ma ba jikinsa ba ne, ransa ne ba daɗi.

Ka san tsohuwar kwamfutarsa ta mutu. Na samo masa wata ta hannu, na sa mata manhajar Linux, wadda ke tafiyar da kwamfuta, a wurin aikinmu, na kawo gida na jona allonsa. Ina nufin allon nan na rubutun makafi da yake ɗora yatsu a kai, ƙananan ƙusoshi na tasowa suna sauka, yana karanta duk abin da ke cikin kwamfuta. Yaya, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba.

Bari in yi maka bayani, tunda kai da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa. A cikin Linux akwai abin da ake kira kanel, shi ne maigidan, duk na'urar da aka jona sai ta bi ta hannunsa. Kowace na'ura kuma tana da ɗan tafintanta, ana ce masa modul. Kamfanin da ya ƙera allon Baba ya daɗe da rufewa, modul ɗinsa wani bawan Allah ne ya rubuta ya saki kyauta. Na kwafo shi daga tsohon faifai na miƙa wa kanel, ya ce atafau, wai ba don irinsa aka gina shi ba.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce a naɗe allon a ajiye, za ka aiko da waya mai karanta rubutu da murya. Na san don Allah ka faɗa, amma ban yarda ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara makafi karatu da yatsa, shi za a ce wa ya naɗe hannu ya saurara? Yanzu Gwaggo ce ke karanta masa saƙonninsa daga wayarta, kuma ka san halinta, kowane layi sai ta yi masa sharhi. Jiya saƙon likitansa ta karanta a tsakar gida, har maƙwabciya tana tambayar sunan maganin. Baba dai ya tashi ya shige ɗaki.

Kada ka aiko da komai tukuna. Ni da kanel ɗin nan mu zuba mu gani.

Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ya jikin yaron, zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji ka kira Gwaggo ka ce taurin kai nake yi, wai ina wahalar da tsoho saboda tsohon ƙarfe. To, taurin kan dai ba a waje na samo shi ba, ka tambayi Baba.

Ga inda aka kwana. Na samo asalin rubutun modul ɗin don in gina sabo daidai da sabon kanel. Ginin ya rushe tun daga tushe, domin an canja sunayen wasu abubuwa a cikin kanel tun bayan da mai rubutun ya ajiye aikin. Na bi layi-layi na gyara, idona har ruwa yake yi. Da ya ginu sai da na yi guɗa, Gwaggo ta leƙo a guje ta ɗauka miji na samu.

Murna ta koma ciki. Na sake miƙa modul ɗin, kanel ya ce ya gane shi, amma babu sa hannu a jikinsa, ba zai karɓa ba. Wannan kwamfutar tana da wani tsaro da ba ya barin abin da ba a sa wa hannu ba ya shiga. Abokin aikina ya ce in kashe tsaron in huta. Ko na so ba hali, mai ita na farko ya kulle wurin da kalmar sirri, shi kuma ba a san inda ya shiga ba. Saura hanya ɗaya: in ƙirƙiri makullina, in sa wa modul hannu da shi, in roƙi kwamfutar ta amince da makullin. Na yi duk wannan. Na kashe na kunna ban san iyaka ba, amsar dai ɗaya ce, an ƙi makulli.

Abin da ke ci mini rai ba wannan ba ne. Baba ya daina tambaya ko akwai saƙo. Gwaggo ta ce za ta karanta masa labarai, ya ce ta bar shi. Da hantsi na same shi zaune gaban teburinsa, ya ɗora yatsu a kan allon yana shafawa daga hagu zuwa dama, alhali babu komai a kai sai santsi. Da ya ji motsina sai ya janye hannun ya ce ƙura yake gogewa. Na fita na yi kukana a bayan tankin ruwa, na wanke fuska na dawo.

Ya ce in na gaji in bari, ba zai riƙe ni ba. Na ce masa shi bai taɓa barin ɗalibi don ya yi jinkirin ganewa ba. Ya yi dariya, ta farko tun mutuwar waccan kwamfutar.

In wayar taka ta iso, a kwalinta za ta zauna. Ka yi haƙuri da bakina, Yaya, ka san ina ganin girmanka.

Taka,
Auta

*

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na ji daɗi da yaron ya miƙe har ya koma makaranta. Gyara zama ka sha labari.

Ka tuna kwamfutar Baba ba ta da gilashin kallo? Tun ta farko ya kyautar da shi, ya ce ba ya ajiye abin da aikinsa tara ƙura. Ni ma na saba, daga ƙaramar kwamfutata nake shiga tasa in yi duk gyaran da zan yi, ko daga ofis ne.

Ranar hutu ina zaune a ɗakinsa na sake kashewa na kunna, sai ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru. Wai duk lokacin da na roƙi a amince da makullin, in ta tashi takan ɗan tsaya, ƙarar fankarta ta sauka, kamar mai sallama a ƙofa yana jiran a amsa, sannan ta wuce. Ya ce a da ba ta yin haka. Yaya, nan take na gane. Ashe kafin Linux ya farka, kwamfutar kan fito da tambaya a gilashi, ko mai ita ya yarda da sabon makulli. In ba a amsa ba ta watsar da roƙon. Duk kwanakin nan tana tambaya, a ɗakin da babu gilashi, babu kuma mai gani.

Ban tsaya neman aro ba. Na je falo na cire talabijin daga bango, Gwaggo na tsaka da kallon wasanta. Ta biyo ni da salati da faɗa har bakin ƙofa, na ce ta rubuta ƙara ta aika maka. Na jona, na sake roƙon, na kashe na kunna, sai ga shuɗin shafi da tambayarsa.

Na kai hannu zan amsa, Baba ya buge mini shi. Ya ce mai ita aka tambaya, kuma shi ne mai ita. Ni na zama idonsa, ina faɗa masa ƙasa, ƙasa, shiga, yana dannawa, ya rubuta kalmar sirrin da na sa wa sabon makullin da kansa. Kwamfutar ta sake tashi. Na miƙa modul, wannan karon kanel bai ce komai ba, shirunsa kuwa shi ne amincewarsa. Sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas, ƙusoshin nan sun miƙe a jere a ƙarƙashin yatsunsa.

Na zaci zai sa mini albarka, ko ya karanto mana wani abu mu ji. Ina! Ya gyara zaman hularsa, ya matso da kujera, ya ce mu kwashe talabijin ɗinmu mu ba shi wuri, in kuma ja masa ƙofar.

Ni da na yi ta fama, ni aka kora, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba. Na tsaya a baranda rungume da talabijin, ina jin ƙusoshin na ta aiki ta bayan ƙofa. Gwaggo ta yi ta zungurina wai me yake karantawa. Na ce ban sani ba, kuma a kan wannan rashin sanin na yi duk wahalar.

Wayarka ta iso, mun gode, Gwaggo ta riga ta yi mata riga. Daga yau in kana da magana da Baba, rubuta masa kai tsaye. Ba za ta bi ta bakin kowa ba.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta