Naman Layya a Firjin Bincike

Zuwa ga Baba Farfesa Yari,

Gaisuwa da ladabi, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya su Hajiya? Na rubuto ne saboda ka ce waya ba ta yi wa kunnenka adalci.

"Ai ba mu zubar ba hwa, Dakta." Da wannan Sagiru, mai kula da ɗakin bincikenmu, ya tarbe ni ranar da aka dawo hutu. Gaskiyarsa kuwa. Kwalabena da na bari a firji suna cikin kwali a bakin taga, a jere, an lulluɓe su da tsumma don kada su yi datti. A firjin kuma akwai rago. Namu ne kaɗai firjin da ke kan sola, wani babba kuma ya aiko da naman layyarsa. Sagiru ya ƙi faɗa mini ko wane ne.

Ka san abin da ke cikin kwalaben, tunda kai ka ɗora ni a kan aikin: yis ɗin da na yi shekaru ina tarawa daga ganyen dawa. An daɗe ana lissafa shi cikin dangin yis ɗin burodi saboda kama. Ni kuwa na kusa nuna cewa shi ne burtuntuna da kanta, cutar nan ta dawa, fari kamar kindirmo a faranti, baƙin gari a zangarniya, kuma ya fi kusa da laimar kwaɗi a zuri'a. An yarda za a karanta mini ƙwayoyin gadonsa a ƙasar waje. Zafin hutun ya kashe shi duka. Na sake shukawa, babu abin da ya tsiro a faranti.

Ina neman ka sa baki a bincika.

Ɗalibarka,
Ramla

Zuwa ga 'yata Dakta Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, takardarki ta iso, na kuma yi juyayi ƙwarai.

Sai dai ina ba ki shawarar haƙuri. Bincike ba ya haifar da komai sai ɓacin zumunci, kuma abin da ya riga ya auku rubutacce ne. Mu a zamaninmu ba mu da firji ma, muka yi digiri. Dawa ba ta ƙare a ƙasar Katsina ba, damina na tafe, sai ki koma ki ɗebo wani. Shi kuma yaron kada a matsa masa, umarni ya bi.

Hajiya ta ce a kawo miki cinya guda, rabonki na Sallah. A yi haƙuri da jinkiri, bana wuta ta wahalshe mu a GRA, da ƙyar aka sami wurin ajiya.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Farfesa Yari

Baba Farfesa,

Ina gaisuwa, a gaida Hajiya da godiya.

Cinyar ta iso da ƙanƙararta. Ban taɓa ganin naman da ya sami kulawa haka ba. Ban ce maka Sagiru umarni ya bi ba, amma na gode da ka sanar da ni.

Batun komawa: ƙauyukan da na ɗebo yis ɗin babu kowa a cikinsu yanzu. Manomin da ya riƙa raka ni gonaki, Malam Almu, yana tura baro a Babbar Kasuwa. Na tambaye shi irin dawarsu, ya ce da rumbun aka ƙone ta.

Na janye ƙorafina. Na kuma miƙa takardar ajiye aiki da safen nan. Firjin na wanke shi tas, akwai wuri sosai. Sagiru ya biyo ni yana cewa in tsaya mu yi magana, na ce ya gaida gida. Na ja ƙofar, na bar makullin a jiki, na fito.

Ka huta lafiya.

Ramla