Muryar da Kika Bar Mana

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa rana tsaka, uwar ɗiyata,

Da hantsi nake rubuto miki, ga ki can kina waƙa a falo, alhali tun asuba kika fita.

Kin tuna ranar da kika koma aiki ɗakin gwajin jini, ga kuma karatun yamma? Kika zauna bakin gado, yarinya a cinyarki, kika ɗauki muryarki a tsohuwar wayarki: waƙar rarrashi, da kiran sunanta, da 'yar dariyar nan taki mai kama da yayyafi a kan rufin kwano. Kika ce in ta tayar da rigima ina kan keken ɗinki, in kunna mata. Har tsiya na yi miki, wai kin ɗauko mana 'yar raino. Ashe!

Wata bakwai ke nan. Muryar nan ba ta gajiya, ba ta tari, ba ta da jarrabawa. Wuri ɗaya take jan numfashi kullum, ni da yarinya har mun koma tare muke ja da ita. Sau biyu ina ɗinki na ji ta fara waƙa a ɗaki, kuma na rantse ban kunna ba. Na ce ƙila yarinya ce ta taɓa. Ban je na duba ba.

Ban ce ki ajiye littafi ba, haba! Ni da na ga hasken idonki ranar da sakamako ya fito? Sa'a ɗaya nake roƙo, tauraruwata. Ki zauna ki yi waƙar da bakinki, ki manta baiti, ki yi hamma a tsakiya. Wanki da girkin ranar duk nawa ne.

Don tsoro nake ji. Ranar Lahadi da kika dawo da la'asar kika kira yarinya, kika ce ƙiwa ce ta hana ta zuwa. Ba ƙiwa ba ce. Rarrafe ta yi ta wuce ƙafafunki, ta ɗauki wayar ta rungume. Abin da ba ki gani ba shi ne hannuna. Da na ji sallamarki, wallahi ban ɗago kai ba, lalube na yi zan rage sauti, na zaci wayar ce.

Ki dawo tun muna gane ki.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Mijinki