Lakcarana ya kunna muryar Mama a aji

Salama a gare ku 'yan gida. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ba mai yawan magana ba ce, rubutu ya fi mini sauƙi.

Ina aji uku a jami'a, sashen saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Akwai wani kos da ba a jarrabawa, makinsa duk yana kan taya lakcara bincike. Namu yana binciken yadda mata ke rayuwa bayan rashin ɗa a rikici, ya tura ni garinmu kusa da Kagoma in yi hira da matan in ɗauki muryarsu, saboda ina jin yare. Na tambaye shi, na sake tambaya, ya ce ba mai jin rikodin sai ni da shi, in na fassara za a goge. Haka na faɗa wa yayar mahaifiyata, wadda muke kira Mama, har na ce mata in maganar ta fita ta riƙe ni.

Mama ta buɗe mini cikinta da yarenmu. Ta ce tun da aka kashe ɗanta a gonar citta ba ta iya addu'a, a coci baki kawai take motsawa, kuma wadda take samun sanyi a wurinta wata Bafulatana ce mai tallan nono, ita ma ta rasa ɗa, sukan zauna a bayan kasuwar Kafanchan su yi shiru tare.

Ranar semina sai kawai na ji muryar Mama a lasifika. A ajin akwai ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, ya gane ta, ya faɗa wa mahaifiyarsa. Yanzu zumuntar mata ta coci sun hana Mama jan waƙa, wasu na cewa ta koma wajen waɗanda suka kashe ɗanta.

Na je ofishin lakcaran. Ya ce ai bai ambaci suna ba, kuma yarenmu wa ke ji? Ya ƙara da cewa in tuna bai sa maki ba tukuna. Da na je gida Mama ba ta yi mini faɗa ba, ta ba ni abinci, amma da Hausa ta yi mini magana har na tafi, kamar baƙuwa.

Yanzu ya ce in koma in ɗauki muryar sauran matan, kuma sun yarda ne saboda ni. In na kai ƙararsa wurin shugaban sashe, abokinsa ne, zan iya maimaita shekara, ga babana ya matsu in gama. In na yi shiru, da wane baki zan sake ce wa wata uwa ba mai ji? Ku da kuka girme ni, in kai ƙarar ko in ƙi zuwa kawai in ɗauki faɗuwar?