Raƙumin Dawan da ke Fitowa Bayan La'asar

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama.

Inna, yawancinmu da aka haifa a Abidjan mun ɗauka tun fil azal Sahara yashi ce zalla, ba ciyawa ba dabba. Da wannan na girma.

Ina tuna rumfarki ta goro a kasuwar Adjamé. Kina yayyafa wa ganye ruwa, kina gaya wa maƙwabta cewa can arewa da Agadez, inda kika yi kiwo kina yarinya, akwai raƙumin dawa a jikin dutse. "Kuma ba ya fitowa sai bayan la'asar," in ji ki. Ni kuwa sabon ɗan koleji, na buɗe littafi a gabansu, na ce da Faransanci tatsuniya ce. Suka yi dariya. Ba ki ƙara ba da labarin ba har kika koma ga Allah.

A hutun bana na je, Inna. Kwana huɗu a mota.

Da azahar muka isa. Na duba dutsen sama da ƙasa, ban ga komai ba sai 'yan tsage-tsage. Ban taɓa son in yi kuskure irin ranar ba.

Kin san malami ba ya rabo da alli. Na zaro shi daga aljihu zan bi layukan ko su fito. Dattijon da ke gadin wurin ya riƙe mini hannu, ya kira ni mushe, wato malamin boko, ya ce wannan ba allon ajin lakwal ba ne, zauna ka sha shayi.

Muka yi la'asar. Rana ta karkata, inuwa ta shiga cikin sassaƙar, sai ga wuya, ga dogayen ƙafafu, ga dabbare-dabbaren jiki ɗaya bayan ɗaya. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Wanda ya sassaƙa shi ya gan shi da idonsa yana kiwo a wurin, lokacin da ƙasar take kore.

Daidai kika faɗa, har da lokacin.

Da na dawo Abidjan, a makarantarmu ta unguwar Treichville, na tsaya gaban ɗalibaina, na nuna musu hoton, na ce uwata mai goro, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta riga malaminku sanin wannan da shekaru masu yawa. Sau biyu na faɗi sunanki, suka rubuta. Na kuma je layin 'yan goro na faɗa wa waɗanda suka rage cikin masu dariyar, da Hausa wannan karon.

Ki ba ni dama in ce wa masu karanta wasiƙar nan: wanda tsohuwarsa ke raye, ya je yau ya tambaye ta abin da ta gani a garinsu, ya bar ta ta kai ƙarshe.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗanki mai alfahari da ke,
Idi