Lambar Ƙofar Wanka a Cutler Bend

Litinin, 2 ga Oktoba

Kwana tara ban yi wankan kirki ba. Tsumma da ruwan gora a bayan mota, sai turare. Ranar Asabar a kasuwar gwanjo wata mata ta ɗaga tukunyar ƙarfe a teburina, ta matso za ta taya, sai na ga hancinta ya motsa. Ta ajiye ta wuce. Shekara ashirin ina sayar da tsofaffin tukwane, warin hammata bai taɓa kore mini mai saye ba sai da na koma kwana a mota.

Na buga waya sansani huɗu na gandun dajin jiha, irin waɗanda matafiya ke biya su kwana da motarsu. Biyu masai kawai gare su. Ɗaya an rufe shawar wankansa. Na huɗun, Cutler Bend, akwai ruwan zafi, amma wai a cike yake har ƙarshen wata. Gobe zan je duk da haka.

Talata, 3 ga Oktoba

Na yi wanka. Sai da yatsuna suka yanƙwane na fito.

Ƙofar wankan lamba huɗu ake dannawa, kuma wanda ya kama wuri kaɗai ake ba lambar. Mai kula da sansanin wani dogon tsoho ne, Mista Orval. Na fara shirya masa labari, wai ƙanwata ce ta kama mana wuri ta yi kuskuren rana. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Mis Verna, ki ƙyale ƙanwarki ta huta. Ɗaya, tara, shida, takwas. Ki murɗa famfon hagu da ƙarfi, taurin kai gare shi."

Na ji haushi da ya gano ni. Ban saba ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na koma. Mista Orval da iyalinsa suka tsare ni cin wake da burodin masara a gaban 'yar tirelar da suke zaune a ciki. Matarsa Mis Idella tana kan keken guragu, ɓarin jikinta ya shanye, bakin ya karkace amma bai mutu ba. Ta ce wai yanzu da na yi wanka ta ga ashe fara ce ni.

Na buɗe kunne. Mai kula ba ya biyan kuɗin wuri. Wuta da ruwa kyauta. Dokar kwana goma sha huɗu da ke korar kowa ba ta hawa kansa. Aikin duka wanke banɗaki ne da sayar da itace. Shekararsu shida a nan, saboda ɗakin wanka na ƙarshe, mai benci da ƙarfen riƙewa, wanda kekenta ke shiga. Kullum da safe shi yake mata wanka. Lambar ƙofar ma shekarar aurensu ce.

Ya nuna mini wani ɗan littafi da ya rubuta duk sansanin da ke da shawa, da mai ruwan zafi, da wanda ake rufewa da sanyi. Masu bencin da keke ke shiga, uku ne kacal ya samu. Ya ce in kwafa. Na kwafa.

Sanyi na tafe. Ni idona a kan fegin nan nasu mai wutar lantarki yake.

Talata, 10 ga Oktoba

Jami'ar gandun sabuwa ce, Renfro. Yarinya, kakinta ko lanƙwasa bai yi ba. Irin mai sayen da ba ta tayawa, abin da aka rubuta a jikin kaya shi take biya. Na cike takardar neman aikin kula da sansani, na ce ko da wani wuri zai buɗe wata rana.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Akwai akwatin jin ra'ayin baƙi a bakin ofis. Na jefa kati uku, biro uku, rubutu iri uku. Ɗaya da hannun hagu. Uwa mai 'yan mata da ta ga baƙuwar fuska a banɗaki. Tsohon soja da yake tambaya me ya sa yake biya alhali 'yan titi na wanka a banza. Na ukun gajere: mai kula yana raba lamba.

Ko ƙarya ɗaya babu a na ukun. Baƙuwar fuskar ma ai tawa ce.

Litinin, 16 ga Oktoba

Renfro ta tambayi Orval zancen lambar. Da ya ce bai sani ba da magana ta mutu, wa zai shaida? Sakaran ya ce e, yana bayarwa, ya fi shekara biyar yana bayarwa, wanda duk ya zo da ƙazanta a jiki ba ya komar da shi. Ta ce ya faɗi suna. Ya ce ba ya tambayar suna.

Nawa kuwa ya sani.

Asabar, 21 ga Oktoba

Sun ba shi mako guda ya tashi.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na taya su naɗe kaya, don kada a ce. Mis Idella ta ba ni babbar tukunyarta, wai ba wuri a mota, kuma ni na san darajarta. Tsohuwar ƙira ce, gindinta sumul. Za ta yi kuɗi. Orval ya ce ya ji an ba ni wurin, ya yi murna da ba baƙo ba ne. Ya zaga da ni ya nuna mini yadda ake zaro gashi daga magudana da waya. Wai wurare ukun nan masu benci duk a cike suke, za su fara zama a Hog Creek, inda masai kawai ke akwai.

Ina kallon fuskarsa ko ya gane. Ban iya karanta ta ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na jona wuta. Na kunna na'urar ɗumama mota na kwanta ba riga biyu. Renfro ta ce in canza lamba, na sa ƙarshen lambar wayata.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Orval da Idella sun zo da hantsi. Ina shara na ga motarsu ta tsaya gaban banɗaki. Bai kashe inji ba. Mis Idella na gefe, an ɗaura mata ɗankwali, gashin ya manne a goshi. Da ya sauke gilashi na ji warin da na sani.

Ya ce, "Mis Verna, kwana huɗu ke nan da tsumma nake goge ta. Bayanta ya fara gyambo. Minti goma kawai."

Motar Renfro na can bakin ofis, ina hango ta.

Na ce, "Mista Orval, kai ma ka san doka. Wanka na wanda ya kama wuri ne."

Ya gyaɗa kai, kamar na faɗa masa farashi. Ita ce ta juyo da rabin bakin nan ta ce, "Hannun hagunki ya fi na dama kyan rubutu, 'yar nan."

Ashe Renfro ta nuna musu katunan. Tun kafin tukunya, tun kafin waya da magudana.

Suka juya. Na ƙarasa sharata.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Ciniki ya yi kyau. Wani ya taya tukunyar Idella sau biyu, na ce an riga an saya. Ban san me ya sa ba. Nauyin ɗauka, wataƙila.

Ba na shiga ɗaki mai benci in yi wanka. Ruwansa ba ƙarfi.

Talata, 7 ga Nuwamba

Lambar wayata ba ta zauna mini a kai, kullum sai na tsaya tunani a bakin ƙofa. Shi ya sa ranar Asabar na mayar da tsohuwar. Ɗaya, tara, shida, takwas. Renfro ba ta duba ba.

Na wanke bencin, na shafa wa famfon hagu mai. Da safe nakan yi shara ta can ƙarshen sansani, inda ba a hango hanya, in daɗe.

Yau kwana huɗu. Duk dawowar da na yi, bencin a bushe yake.