Jan Zare a Hannun Kofi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Ya ƙafar taki?

Yaya, abin da na kasa faɗa a waya ne zan rubuta. Gajiya ta kai ni asibiti, aka ɗebi jinina don gwajin ciwon hanta, mai harafin B ɗin nan. Takardar layi uku ce: na sama negetib, biyun ƙasa fozitib. Likita kuma sai bayan sati biyu. Na lissafa kamar wasan ƙwallo, na ga an ci ni biyu da ɗaya.

Kin san bakina ba ya ajiya. Na faɗa wa matan shagon ɗinkinmu, na ɗaura jan zare a hannun kofina kada wata ta sha. Na daina sa hannu a tiren abincin rana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yar Uwar shago, 'yar wata takwas, wadda a cinyata take barci ina sa maɓalli. Yanzu tana miƙo hannu ina kau da kai. In na koma ɗaki, daga ni sai fanka. Kaɗaici ya ishe ni.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. A shafa mini kan yara.

Ashe rashin sani ya fi dare duhu. Likita ta ce layin sama shi ke faɗin ko ƙwayar cutar tana jikina yanzu, kuma babu ita. Na biyu yana nufin ta taɓa shiga, wataƙila tun ina yarinya. Na uku garkuwa ce, jikina ya kore ta ya kafa masu gadi. Wato ni na ci wasan. Ta ƙara da cewa ko mai ɗauke da ita ba ya ba wani ta kofi ko ɗaukar yaro, ta jini ce da haihuwa da kwanciyar aure. Ta ce ke ma ki je a gwada ki. Don Allah ki je, kada ki ce sai ƙafa ta warke.

Da gudu na koma shago na yi musu bayani layi-layi. Kowa ta ce barka. Na sa almakashi na yanke zaren a gabansu. Na miƙa hannu zan ɗauki yarinyar, uwarta ta ce lokacin nono ya yi, ta goya ta.

Yau da safe na tarar da kofina shi kaɗai a kan taga, an ɗaura masa sabon jan zare. Ɗaurin ya fi nawa kyau, Yaya, har an ƙone bakinsa don kada ya warware.

Ki rubuto mini, ko layi ɗaya ne.

Taki har kullum,
Auta